Kiyaye Zaman Lafiya Tsakanin Ƙasashe: Ina Ruwan Ikkilisiyar da ke Bakin Iyaka?

Jawabin da aka gabatar a taron zumuntar shugabannin ikkilisiyoyi na ƙasar Daura. Karatu: Joshuwa sura 22, da Littafin Mahukunta sura 20 da 21.

 Na gode wa kwamitin da ya ga ya dace in tsaya a gabanku, ko da yake ina ganin waɗanda suka girme ni a shekaru da kuma aikin bishara zaune a nan.

Sa'ad da aka aiko mini da kan maganar da zan yi, na nuna wa wani dattijo a ikkilisiyarmu. Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce, "Fasto, mu da ba mu gama rufin majami'armu ba, ina ruwanmu da Majalisar Ɗinkin Duniya?" Na tabbata akwai masu wannan tambaya a zuciyarsu yanzu haka. Bari in amsa ta da abin da ya faru a ƙofar gidana.

A makon farko na watan Agusta 2023, bayan addu'ar yamma, wata uwa daga cikin matan Zumunta ta zo wurina. An haife ta a ƙasar Magarya, aure ne ya kawo ta nan, yau fiye da shekara talatin. Ɗanta na fari soja ne a rundunar Nijeriya. Ɗan ƙanenta kuma soja ne a Nijar, yaran biyu sun yi wasan ƙasa tare a tsakar gidan kakarsu. Ta durƙusa ta gaishe ni, sa'an nan ta ce, "Baba Fasto, in aka ce su tafi, wa zan yi wa addu'ar nasara?" 'Yan'uwa, na yi shekaru a makarantar tauhidi, an koya mana abin da Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, ya koyar game da lokacin da yaƙi yake halatta, na kuwa ci jarrabawa a kai. Amma a daren nan ban sami abin da zan faɗa mata ba. Muka yi addu'a kawai, ta tafi.

Kun tuna abin da ya kawo wannan tambaya. Ran 26 ga Yuli 2023 sojojin fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ran 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba da wa'adin kwana bakwai a maido da shi, in ba haka ba ana iya amfani da ƙarfin soja. Aka rufe iyakoki, aka yanke wutar lantarki. Ran 10 ga Agusta suka sake zama, suka ba da umarni a shirya rundunar ko-ta-kwana. Ga mutumin Legas wannan labarin rediyo ne. Mu kuwa da ke nan, daga wannan ɗaki zuwa Kwangwalam tafiyar 'yan mintoci ce a mota, daga can sai Matamaye, sai Damagaram. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 Turawan Ingila da Faransa ne suka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, ba su kuwa tambayi wa yake auren 'yar wa ba. Ko marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka binne a garin nan a Yulin 2025, ya sha faɗa cikin raha cewa in aka dame shi a Daura zai tsallaka wurin danginsa a Nijar.

Bayan tafiyar uwar nan na kasa barci, na buɗe littafin Joshuwa, wurin da ɗan'uwanmu ya karanta mana ɗazu. Kabilun Ra'ubainu da Gad da rabin Manassa sun gama taya 'yan'uwansu yaƙi, suka koma gādonsu a hayin Urdun. A hanya suka gina babban bagade a bakin kogin. Labari ya kai wa sauran kabilu, ran kowa ya ɓaci, gama a ganinsu wannan tawaye ne ga Ubangiji, suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Ku lura, runduna ta riga ta haɗu. Amma kafin a zare takobi sai aka aiki Finehas ɗan Ele'azara firist, tare da shugabanni goma. Finehas bai je da laushin baki ba, ya faɗa musu magana mai zafi. Sai dai ya je da abu biyu da nake so mu riƙe. Ya je da tayi: in ƙasarku ce ba ta yi muku ba, ku hayo mu raba tamu da ku, wato ya yarda sulhun ya ci wa nasa ɓangaren wani abu. Sa'an nan ya je da kunne. Da ya saurara, sai ya tarar ba tawaye ba ne, tsoro ne. Mutanen hayi suna tsoron wata rana jikokin wancan gefe za su ce wa nasu jikokin, kogin nan iyaka ne, ba ku da rabo a cikinmu. Bagaden shaida ne kawai cewa su ɗaya ne. Runduna ta watse, ba a zub da jinin kowa ba.

A watan Agustan nan Allah ya ba mu namu Finehas ɗin, ba ɗaya ba. Ran 3 ga wata Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka sauka Yamai, ba su ga Tiani ba, suka dawo. Ba su yi fushi ba, ran 19 ga wata aka koma, a wannan karo aka gana da shi, aka kuma ga Bazoum. Tsakanin nan Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya je tare da Sarkin Damagaram, malaman Musulunci suka je ƙarƙashin jagorancin Sheikh Bala Lau. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin Arewa suka tuna wa gwamnati cewa jihohi bakwai ne ke kan wannan iyaka. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, da bishop-bishop na Katolika su ma suka ce a bi hanyar magana. Ban tuna wani lokaci a rayuwata da masallaci da majami'a da fada suka yi magana da baki ɗaya kamar wannan ba. Wa'adi ya cika, rundunar ba ta tashi ba.

To, amma kada in yi wa Maganar Allah ƙarya don in ji daɗin misalina. A Joshuwa 22 waɗanda aka zarga ba su da laifi. A Yamai kuwa an yi laifi. An tumɓuke wanda jama'a suka zaɓa, aka kulle shi da matarsa, har shekara biyu ta cika a 2025 suna tsare ba shari'a. Nijar da kanta tana cikin waɗanda suka amince da yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 wadda ta haramta karɓar mulki da bindiga. Mu 'yan Nijeriya da muka sha mulkin soja ba mu ne za mu tafa wa juyin mulki ba. Shi ya sa na roƙa a karanta mana wuri na biyu.

A Littafin Mahukunta laifin Gibeya na gaske ne, mummuna ƙwarai, har ba na son in bayyana shi a gaban yara. Isra'ila ta taru kamar mutum ɗaya, ta aika wa Biliyaminu. Amma saƙon ba irin na Finehas ba ne, umarni ne kawai: ku miƙo mutanen. Biliyaminu ta ga an taɓa mutuncinta, ta tsaya bayan masu laifin. Abin mamaki, Finehas ɗin nan yana da rai a lokacin, amma sunansa bai fito a labarin ba sai bayan Isra'ila ta sha kashi sau biyu. Ban ce Ubangiji bai hukunta Gibeya ba, ya hukunta ta. Amma masu hukuncin ba su san inda za su tsaya ba, suka bi garuruwa suna ƙonewa, da mata da yara da dabbobi, har kabila guda ta rage mutum 600 a ɓoye a dutsen Rimmon. Sa'an nan waɗanda suka yi nasara suka zauna a Betel suna kuka. Mutum yana iya zama da gaskiya a kan laifin, ya kuma yi kuskure a kan horon.

Ba a yi yaƙin bindiga a 2023 ba, amma an yi wata bakwai ana horon waɗanda ba su yi juyin mulki ba. Ku ne shaidu. Manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka har albasa ta ruɓe a cikinsu. Kasuwar Mai'aduwa, wadda dabbobin hayi ke cika ta, ta yi sanyi. Layin wutar da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ke haska Maraɗi da Damagaram, aka kashe shi, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa. Magani ya yi wuya a asibitocinsu, abinci ya yi tsada a gefen biyu. Ni ban ji an ce wani janar ya kwana cikin duhu ba. Mai naƙuda a asibitin ƙauye ita ta kwana cikin duhu. A ikkilisiyarmu ma'aji ya zo ya nuna mini littafin baiko, na ce masa ya rufe, na riga na san abin da ke ciki, gama rabin masu bayarwa da cinikin iyaka suke ci. Dā ma mun ɗanɗana irin wannan daga Agusta 2019, sa'ad da gwamnatinmu da kanta, ƙarƙashin ɗan garin nan, ta rufe iyakokin ƙasa fiye da shekara guda. Mun ga wanda ya yi arziki a lokacin, masu bin hanyar daji da babura ne da masu tare su.

Kuma takunkumin bai maido da Bazoum ba. Abin da ya yi shi ne ya sa talakan Nijar ya ga ECOWAS a matsayin maƙiyi, ya rungumi sojojin. Mutane suka fara tambaya, ina ƙungiyar take a 2020 sa'ad da shugabannin Gini da Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku? Tambaya ce mai nauyi, ba a kuwa amsa ta da kyau ba. Sai a Fabrairu 2024 Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ɗan mai bishara, wanda kuma da hannunsa aka kafa ƙungiyar a Legas ran 28 ga Mayu 1975, ya rubuta wasiƙa yana roƙo a janye takunkumi. Ran 24 ga watan aka janye, a watan Maris aka buɗe iyaka. Amma an makara. Tun ran 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar za su fita, ran 29 ga Janairu 2025 fitar ta tabbata.

A nan nake so ku saurare ni da kyau, domin na ji wasu, har da fastoci, suna cewa gara da aka watse, waɗannan ƙungiyoyi taron shan shayi ne kawai. Ban yarda ba. Mai ƙarfi ba ya bukatar yarjejeniya, ƙarfinsa ya ishe shi. Ƙarami ne ke bukatar a rubuta doka a sa hannu. Wa ya fi mu sanin haka? Mu 'yan tsiraru ne a masarautar nan. Ba yawanmu ne ke ba mu damar buɗe majami'a ran Lahadi ba. Bayan ikon Allah, sashe na 38 ne na tsarin mulkin ƙasa, da amanar maƙwabta, da kariyar sarakuna. Yadda muke a Daura, haka ƙananan ƙasashe suke a duniya. Wanda ya yi murna da rushewar doka tsakanin ƙasashe, bai san cewa rumfar da yake zaune a ciki ake kwancewa ba.

Ƙasarmu ta biya wannan aiki da jini. Mun shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba 1960, kafin shekarar ta ƙare sojojinmu suna Kwango. Gowon da Obasanjo da Murtala duk sun yi aiki a can suna samari, a 1964 kuma Aguiyi-Ironsi ne ya shugabanci dukan rundunar. Sai Labanan daga 1978, sai Chadi, wadda a nan Kano aka zaunar da ɓangarorinta a Maris 1979. Sai Laberiya daga Agusta 1990, sai Saliyo, inda ECOMOG ta maido da Shugaba Tejan Kabbah a Maris 1998. Sai Darfur, inda a ƙarshen Satumba 2007 aka kashe sojojin Tarayyar Afirka aƙalla goma a Haskanita, bakwai daga cikinsu namu ne. Akwai wani baba a cikinmu, ga shi can zaune, ba zan kira sunansa ba gama ba ya so, wanda ya yi Laberiya. Ya gaya mini yadda mata a Monrobiya suke ɗaga hannu suna gode wa Allah in sun ga motarsu. Shi ne kuma ya gaya mini, ba tare da na tambaye shi ba, cewa wasu cikinsu sun kwaso kayan mutane, sun kuma bar 'ya'ya a can ba uba. Na gode masa da bai ɓoye rabin labarin ba.

An kuma ga inda abin ya yi aiki ba tare da yaƙi ba. Mu da Kamaru mun harbi juna a kan Bakasi. Kotun Duniya ta yanke hukunci a Oktoba 2002, bai yi mana daɗi ba, amma aka sa hannu a 2006, aka miƙa yankin a Agusta 2008. Mutanen wurin sun sha wahala, har yanzu wasu suna kuka, amma ba a yi cikakken yaƙi tsakanin Nijeriya da Kamaru ba. A Gambiya, Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe a Disamba 2016 ya ƙi sauka. Shugaba Buhari ya je Banjul sau biyu yana lallashi, sojojin yankin suka tsaya a shirye da amincewar Kwamitin Sulhu ga shugaban da aka zaɓa, ran 21 ga Janairu 2017 mutumin ya hau jirgi ya tafi. A can magana da runduna sun tafi tare, jama'ar ƙasar kuma suna bayan abin da ake nema. A Nijar aka fara da wa'adi, aka bar magana a baya.

Abin da ya fi damuna shi ne na kusa. A Maris 2015 sojojin Nijar da Chadi ne suka ƙwato garin Damasak na jihar Borno daga hannun Boko Haram. 'Yan'uwanmu na EYN da sauran ikkilisiyoyin gabas sun san darajar wannan. Da Buhari ya hau mulki, ƙasar da ya fara ziyarta Nijar ce, sai Chadi, a watan Yuni 2015, domin a farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi mai hedkwata a Njamena. Daga 2019, da 'yan bindiga suka tasar wa Sakkwato da Zamfara da yammacin jiharmu, dubban mutanenmu a jihar Maraɗi suka sami mafaka. To, a Nuwamba 2024 hedkwatar tsaron ƙasarmu ta sanar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta kuma ce lalacewar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin ne ya buɗe musu ƙofa. A Maris 2025 Nijar ta sanar ta fita daga rundunar Tafkin Chadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar Daura Allah ya rufa mata asiri fiye da Batsari da Jibiya da Ƙanƙara, amma ɗan bindiga ba ya nuna fasfo a Kwangwalam. Shi ya sa na yi murna da Janar Christopher Musa ya je Yamai a Agusta 2024, da kuma ziyarar Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar a Afrilu 2025 domin a tayar da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu wadda aka kafa tun 1971. Irin wannan tafiya ba ta cika shiga kanun labarai ba, amma ita ce aikin Finehas.

Yanzu ga matasa. Na san abin da ke yawo a wayoyinku. Tun ƙarshen Oktoba 2025, sa'ad da Shugaban Amurka Donald Trump ya sake sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake take 'yancin addini, ya kuma yi barazanar turo soja, wasunku suka ce mai ceto ya zo. Ran Kirsimeti na shekarar Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta aka yi. 'Ya'yana, ban raina kukanku ba. Ban manta Afrilu 2011 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a garuruwan jihar nan bayan zaɓe. Na san wahalar da muke sha kafin a ba mu fili ko takardar gini. An kashe masu bi a ƙasar nan, kuma daidai ne duniya ta ji, daidai ne shugabanninmu su kai ƙara duk inda doka ta ba da dama. Amma ku bar ni in gaya muku abin da ke faruwa da waɗanda suka jingina ransu ga sojan wata ƙasa.

A Kigali ta Ruwanda, a Afrilu 1994, mutane wajen 2,000 suka fake a wata makarantar Katolika domin akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan Beljiyam a ciki. Ran 11 ga wata aka umarci sojojin su tafi su kwashe Turawa. Suka tafi, kafin gari ya waye an kashe yawancin mutanen. Kwana goma bayan haka Kwamitin Sulhu ya rage rundunar daga wajen 2,500 zuwa 270, ko da yake wakilinmu Ibrahim Gambari yana cikin masu roƙo a ƙarfafa ta. Cikin kwana ɗari aka kashe kimanin mutum 800,000. Abin kunyarmu kuma, masu kisan da waɗanda aka kashe yawancinsu an yi musu baftisma. Sojan kiyaye zaman lafiya ba ya shiga sai gwamnatin ƙasar ta yarda, ba ya ɗaukar ɓangare, ba ya harbi sai don kare kansa da aikin da aka ba shi, kuma ranar da ƙasar da ta aiko shi ta ce ya dawo, zai dawo. Ko a Mali, gwamnati ta ce su fita, suka fita a ƙarshen 2023 bayan shekara goma. A saman duka akwai ƙasashe biyar masu hawa kujerar naƙi, babu ko ɗaya daga Afirka mai ƙasashe 54.

Wannan shi ne raunin masu zuwa da izinin duniya. Masu zuwa da izinin kansu fa? Kafin Amurka ta shiga Iraƙi a 2003, Kiristocin ƙasar sun haura miliyan ɗaya, ikkilisiyoyi ne da suka girmi na Turai da yawa. Yau ƙiyasi ya nuna ba su kai 300,000 ba. Ba sojan Amurka ne ya kore su ba, aka dai shafa musu suna cewa su mutanen baƙi ne, hukuma ta rushe, ba mai kare su. A Libiya kuma aka tumɓuke Gaddafi a 2011, makamansa suka bazu cikin Sahara, har yau muna girbin abin. Jirgin yaƙi yana komawa inda ya fito kafin asuba. Kai kuwa da safe za ka je ka sayi koko wurin maƙwabciyarka, za ta dube ka. Duk abin da za ka tura a Facebook ko WhatsApp, ka fara tambayar kanka ko za ka iya karanta shi da ƙarfi a ƙofar gidan mai unguwarku. Mu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, kada mu ba kowa dalilin kiranmu haka.

To, me ikkilisiya ƙarama za ta iya yi? Ba mu da kujera a Abuja, balle a New York. Amma muna da abin da kabilun hayin Urdun suka gina, wato shaida cewa iyaka ba ta raba mu ba. A can Nijar akwai masu bi da suka fi mu ƙaranci, suna karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa irin namu, suna raira waƙoƙin da muke rairawa. Iyayenmu da yawa an yi musu magani a asibitin Galmi. Ran 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram saboda zanen da wata jarida ta yi a Faransa, kashegari aka ƙone wasu da dama a Yamai. Zan faɗi laifina a gabanku: na yi addu'a daga bagadi, amma ban hau mota na je na yi musu jaje ba, alhali tafiyar rabin yini ce. Da aka rufe iyaka a 2023 kuma ban kira ko fasto ɗaya a can na tambayi yadda suke ci ba. Na ce ina tsoron kada a yi mana mummunar fassara. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, tawa ƙafar ba ta motsa ba.

Saboda haka ina kawo shawara gaban shugabannin wannan zumunta, su duba in ta yi. A zaɓi mutum uku ko huɗu, a ciki har da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata, su riƙa kai ziyara ga ikkilisiyoyin Matamaye da Magarya da Damagaram ko sau biyu a shekara, da takardunsu cikakku, ta ƙofar hukuma, da sanin hakimi da jami'an tsaro, kada a bi hanyar daji. Mu kuma gayyace su taronmu. A addu'ar Lahadi, in mun ambaci shugabanninmu da Mai Martaba Sarkin Daura kamar yadda Manzo Bulus ya umarci Timoti, mu ƙara da masu mulkin Nijar, ko muna son yadda suka hau ko ba ma so, mu kuma ambaci wanda suka tsare. Kada mu jira sai an yi tashin hankali kafin mu san ƙofar gidan liman da dagaci. Akwai kuma matan sojojin da suka mutu a bakin aiki a cikin ikkilisiyoyinmu, na san uku a tawa. Ƙasa ta yi musu jawabi ran 15 ga Janairu ta wuce, kuɗin makarantar yaransu kuwa kowane zango yake zuwa. Ma'aji ya gaya mana nawa za mu iya warewa.

Uwar da na ba ku labarinta tana nan tare da mu, ta kuma ba ni izini in faɗa. Ba a tura ɗanta Nijar ba. Daga baya aka kai shi bakin Tafkin Chadi, inda ɗan kawunsa yake wancan gefe wajen Diffa. Abokin gaba ɗaya suke fuskanta, amma tun 2025 rundunoninsu ba sa ƙarƙashin umarni ɗaya, sai dai su gaisa ta waya in an sami sabis. Shugaba, in ka yarda, kafin a shiga tambayoyi ina roƙo a ba Mama dama ta zo nan gaba ta bishe mu cikin addu'a domin yaran biyu.